Doka ko Duka

Anka, ranar Talata.

Zuwa ga jikata Lubabatu, lauya sabuwa dal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina hwatan kina lahiya, ke da Innarki da mutanen Gummi baki ɗaya. Mu nan lahiya lau muke, sai gwiwar nan tawa da ba ta shiri da sahiya, da kunnuwan da sunka ƙara nauyi. Kakarki Hasana na gaishe ki.

Labari ya iske mu cewa kin ƙare karatun lauya, har an aza maki wagga hula mai kama da gashin tunkiya. Allahu akbar! Ranar da Haladu direba yak kawo hoton, Hasana ta yi ta guɗa har maƙwabta sunka leƙo suna tambayar wa tah haihu. Ni ko nac ce ai jinina ne. Ni da kakarki Dije, Allah shi jiƙanta, kakanmu guda, kuma dangi kowa ya san daga wajena kunka gado iya gardama.

Kada ki yi mamakin ganin ajami. Ba ni da boko, kin sani. Waya kuwa in na ɗauka sai in yi ta ihu, unguwa duk ta ji sirrina, ni ban ji naki ba. Ke kuma kin yi allo kamin boko, in dai ba ki mance ba.

Ga abin da yas sa ni ɗaukar alƙalami. Kin tuna Rufaida, ɗiyar Mas'ud ɗana, wadda ciwon gubar dalma yak kama tana goye lokacin muna Bagega? Likitoci sun yi ta fama har Allah yat tashi kahwaɗunta, amma ciwon ya bar ta da nauyin baki da jinkirin karatu. Tun da ubanta yat tahi aikin zinari can nesa, hannuna take. Da rarrahe da jan ciki ta kai aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ƙarshen watan ga za a aika da sunayen masu jarrabawa. Yarinyar nan ba ta da zance sai na jarrabawar.

To, makon jiya hwaɗa ya haɗa ta da wata 'yar ajinsu. Shugaban makarantar, Malam Junaidu, yat tsai da ita gaban ɗalibai kaf, yay yi mata doka. Doka mai tsanani, Lubabatu, ni dai tun da nike ban ga an yi wa yarinya haka ba. Tun ranar ba ta koma aji ba. Tana ɗaka kwance, abinci sai an matsa mata, in an taɓa ta sai hawaye. Ba a kira ni ba, ba a aiko mani da kowa ba.

Abin da nike so ki hwaɗa mani shi ne, shin makaranta na da ikon yi wa ɗiyan mutane doka haka, ba iyaka? In tana da shi, in yi haƙuri in tahi in ba da baki. In ba ta da shi, to aiki ya samu ga mai hular tunkiya.

Haladu na ta danna hon a ƙohwar gida, bari in tsaya nan. Allah shi yi maki albarka.

Kakanki,
Namadi.

*

Gummi, ranar Alhamis.

Zuwa ga Kaka Namadi, tsoho mai ran ƙarfe.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Kaka Hasana, Allah ya sauwaƙe gwiwa. Inna lafiyarta ƙalau, ta ce in miƙa gaisuwa. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa yau. Ga ajaminka nan na mayar maka da shi. Rabona da shi tun ina 'yar makarantar allo, takardarka ma sai da na bi ta baƙi-baƙi da yatsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Duka? Rufaida aka daka? Yarinyar da da ƙyar aka ƙwato ta, ita ce wani ƙato zai tsayar gaban ɗalibai ya yi mata dukan da har yau tana kwance, in an taɓa ta sai hawaye? Kaka, ina kaiwa wurin na miƙe tsaye a ofis, har maigidana na wurin aiki, Lauya Saminu, ya ce, "Ke lafiya?" Na ce ina fa lafiya!

Ka tambaye ni, ga amsa. Makaranta tana da ikon yi wa yaro horo, wannan ba musu. Amma amana iyaye suka ba ta, kuma ikon yana da inda ya tsaya. Malamin da ya daki yaro har ya ji masa ciwo ya fita daga horo, ya shiga laifi, kuma zai amsa tambaya kamar kowane mutum. Kujerar shugaban makaranta ba ta kāre shi.

Don Allah yau ɗin nan, ba gobe ba, ku kai ta asibiti likita ya duba ta ya rubuta abin da ya gani. A samu mai waya ya ɗauki hoton shaidar bulalar kafin ta baje. Na kira wayar Kaka Hasana don in gaya mata haka, a kashe take, na san tana can ƙarƙashin filo ba caji.

Ni kuma ban tsaya jira ba. Na rubuta wa Malam Junaidun takarda da Turanci mai zafi, a kan takardar ofishinmu mai tambari, na aika da kwafi ga shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Na gaya masa ya daki yarinya marar ƙarfi, ko dai ya ba da haƙuri a rubuce ya ɗauki nauyin jinyarta, ko mu haɗu a kotu. Lauya Saminu ya wuce Gusau kafin in gama, ban ma jira ya duba ba. Me zai duba? Magana a fili take.

Kaka, wannan ce shari'ata ta farko, kuma ta gida! Wallahi zama ya gagare ni. Na goge rigar, na kakkaɓe hular da kake yi wa tsiya. Za ka ga aikin tunkiya.

Na ba Haladu takardun, na ce ya fara kai na makaranta kafin ya zo wurinka. Ka shafa mani kan Rufaida a hankali, ka ce mata Yayarta na nan tafe.

Jikarka,
Lubabatu.

*

Anka, ranar Laraba.

Zuwa ga Lubabatu.

Assalamu alaikum. Muna lahiya, gwiwa da sauƙi, ina hwatan kuna lahiya. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da ta hi haka.

Wane duka? Wa anka daka? Doka nar rubuta, ke 'yar nan, doka! Dal da rufu'a, wau, kaf, alif. A ajami baƙaƙen su ke nan, ko doka ko duka, mai karatu shi ke raba su da hankalinshi. Da na san lauya zan rubuta wa, da na ce wagga doka, ki ga mace ce. Ba wanda yat taɓa ko gyalen Rufaida!

Ki ji yadda abin yaz zo mani. Haladu ya kai takardun makaranta, tawa kuwa yam mance da ita gaban mota, motar kuma tal lalace mai a Bukkuyum. Ni ina zaune ban san hawa ba ban san sauka ba, sai ga aike wai Malam Junaidu na nemana. Nas sa babbar riga ina murna, na ɗauka sulhu ne. Ina shiga yak kaɗa mani takarda a huska, idanunshi jajir, shina cewa, "Baba Namadi, ni nad daki jikarka?" Nac ce wa yac ce? Yac ce lauyarka. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Mutumen nan, tun ranar da yaz zo makarantar yah hana bulala. Iyaye har gori suke yi mai wai ya sangarta yara. Shi kinka rubuta wa haka, kinka kuma aika wa shugaban iyaye, wanda bakinshi ba ya da marhi. Yanzu Anka duk ta ɗauka. Wajen mai shayi an ce ya karya mata hannu. A masallaci wani bawan Allah ya riƙe hannuna shina yi mani jaje, kaɗan yar rage shi yi mani ta'aziyya.

Ga abin da yaf faru, tun da ban hwaɗa maki ba wancan karon, hon ɗin Haladu ya ruɗa ni. Akwai wata Amira, ita ce manitar ajinsu. Duk ranar da malami yas sa Rufaida karatu tab ɓata lokaci kan kalma, sai Amira ta ɗaga murya, sauran su amsa, "Dalma, dalma, karanta mana." Rannan Rufaida taɗ ɗauki bokitin ruwan da suke yayyahwa wa ƙasa kamin shara, taj juye mata shi a ka, har littattahwai sunka jiƙe. Dokar da Malam yay yi mata ita ce kada ta sake taka harabar makaranta sai ranar da yan neme ta. Bai ce yaushe ba, bai kuma tambaye ta mi yas sa ba.

Yanzu ya ce tun da kotu muke so, mu tahi kotun, amma sunan Rufaida ba shi cikin waɗanda za shi aika. Ranar Litinin kwamitin iyaye da malamai za su zauna a kan maganar, daga nan an ruhe.

Rufaida ta ji. Jiya na iske ta ta ɗaure littattahwanta da igiya ta ba Hasana, wai a ba wani mai kai. Lubabatu, raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye maki ba, kuma tsoro nike ji. Na yi niyyar in ɗauki liman mu tahi in durƙusa ma Malam. In kina da wata dabara wadda ba ta Turanci ba, ki aiko kamin Litinin. Ki karanta wagga takarda sau biyu.

Namadi.

*

Gummi, ranar Juma'a.

Zuwa ga Kaka Namadi.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da kyau, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya, in ban da ni da kunya ta kusa kashewa.

Na karanta sau biyu, na ƙara na uku. Na ɗauko takardarka ta farko na sake dubawa, wallahi ga ta nan, doka ce zaune tana kallona. Na yi kuka, Kaka. Inna ta yi mani tatas, Lauya Saminu ya ɗora nasa. Ya ce lauya tambaya yake fara yi, rubutu daga baya, ni kuwa na fara da tambari. Na cuci Malam Junaidu, na kuma ja wa Rufaida. Ka yafe mani.

Ga takardar ban haƙuri nan na haɗo, da Hausar boko, ba Turanci ko ɗaya. Na janye duk abin da na faɗa, na roƙi a karanta ta da ƙarfi a gaban kwamitin, tun da a bainar jama'a na ɓata masa suna. Na so in zo da kaina, Lauya Saminu ya hana. Ya ce in Malam ya gan ni zai ga kamar kotun ce ta biyo shi har ofis. Gaskiyarsa.

Amma Kaka, tsaya ka ji, kada ka ɗauki liman tukuna! Da na natsu na dubi abin da ka rubuta, sai na ga ashe tambayarka ta farko tana nan da ranta. Dokar ma tana da iyaka! Har na sake miƙewa tsaye, sai na tuna abin da miƙewa ta ja mani, na koma na zauna.

Rufaida ta yi laifi, kada ka musa wannan ko kaɗan, makaranta na da ikon hukunta ta. Sai dai ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ko wanda aka kama da akuyar mutane a kafaɗa, alƙali sai ya ce masa me za ka ce. Dakatarwa kuma ana sanar da iyaye, a faɗi ranar da za ta ƙare. Wadda ba ta da rana ai kora ce aka sauya mata suna, kuma karatu har zuwa aji uku haƙƙin yaro ne a dokar ƙasa, ba alfarma ake yi masa ba. Sannan makarantar da ke da ikon hukunta mai juye ruwa, nauyi ne a kanta ta kāre wadda ake yi wa waƙa a cikin aji. Ina malamin yake lokacin da ake waƙar?

Ka faɗi wannan da bakinka, yadda kake magana a zaure, kada kalmar kotu ta fito. Kada kuma ka durƙusa, gwiwar ma ba za ta yarda ba. Abu ɗaya za ka roƙa: a kira Rufaida a bar ta ta yi magana. Komai daɗewar da za ta yi, kada kowa ya ƙarasa mata, har da kai, don na san halinka.

In Malam bai yarda kuskuren karatu na yi ba, ka ɗauki alli ka rubuta kalmar a allo, ka ce su karanta. A takardar nan kuwa, duk inda na rubuta doka na ja layi a ƙasa, inda na rubuta duka na zana 'yar bulala a gefe, don kada mu sake.

Na ce wa Haladu in ya manta da wannan a gaban mota, shi ne shari'ata ta farko. A ce wa Rufaida ta kwance igiyar nan.

Jikarka mai neman gafara,
Lubabatu.

*

Anka, ranar Talata.

Zuwa ga jikata Lubabatu, lauyar gidanmu.

Assalamu alaikum. Albishirinki! Goron ki aje mani, zan karɓa. Muna lahiya, Hasana lahiya, gwiwa kuwa jiya na mance ina da ita. A gaida Innarki, a gaida Lauya Saminu, a ce mai na gode da yar riƙe ki a Gummi.

Takardarki ta iso hannuna da wuri, Haladu har ɗaka yak kawo ta shina zuhwa. Jiya munka tahi ni da Rufaida. An zauna cikin wani aji, ga Malam Junaidu ya haɗe rai, ga shugaban iyaye, ga malamai, ga Amira da ubanta. Rufaida anka bar ta waje bakin taga.

Shugaban iyaye yak karanta ban haƙurinki. Malam yac ce shi bai yarda ba, wai ina lauya ina kuskuren karatu, da gangan ne. Sai nat tashi naɗ ɗauki alli. Rabona da tsayuwa gaban allo ban ma taɓa yi ba! Nar rubuta baƙaƙen nan manya-manya, nac ce, "Malam, bismilla." Yad duba yac ce, "Duka." Malamin Arabiyya yac ce, "A'a, doka dai." Sunka kama gardama su biyu, wanga na ja wancan na ja, har uban Amira yas sa baki shi ma. Da Malam yaj juyo yag ga ina tsaye da alli ina kallonshi, sai dariya taƙ ƙwace mai. Aji duk yaɗ ɗauka.

Da anka natsu yac ce, "To na yahe ma lauyarku. Amma laihin yarinya na nan." Nac ce shina nan, Malam, ban zo wanke ta ba. Naz zuba masu abin da kinka koya mani, na ranar ƙarewa da na sanar da iyaye, har da mai akuya a kahwaɗa. Wallahi da kin gan ni da kin ba ni aron hular. Kotu ko sau guda ban ambata ba, ko da yake ta zo mani har bakin harshe. Daga ƙarshe nac ce abu guda nike roƙo, a kira ta a ji ta bakinta.

Anka kira ta. Tat tsaya tana murza bakin hijabinta, baki na motsi magana ba ta hita. Shugaban iyaye ya buɗe baki za shi taya ta, naɗ ɗaga mai hannu. Ni kaina sai da nad danne harshena da haƙori. Can sai taf fara, kalma guda, ta huta, ta ƙara guda. Ta ce ta juye ruwan, kuma ba daidai ta yi ba. Ta rera masu waƙar da ake yi mata, ita da kanta, da wanga baki nata mai nauyi. Amira tas sunkuyar da kai, ubanta ko yab bi ta da wani irin kallo.

Sannan Rufaida tad dubi allon da nay yi rubutu, tad dubi Malam, tac ce, "Malam, da dukan ka yi mani, da yanzu ya warke, ina aji."

Ni dai hawaye sunka zubo mani, ban kuma ji kunya ba. Malam Junaidu yad dube ta. Sannan yac ce, "Ba dokar ba dukan. Ban hana bulala don in kore ki da baki ba. Ya kamata in tambaye ki tun rannan."

Ga yadda anka yanke. Zaman gidan da tay yi ya isa hukunci. Ta ba Amira haƙuri, Amira ta ba ta, kuma su biyu za su share aji tare mako guda, da bokitin nan dai. Duk wanda yas sake kiranta da sunan dalma, da Malam zai gamu. Kwamitin kuma ya ce daga yau ba a sake tura yaro gida sai an kira iyayenshi an hwaɗa masu ranar dawowa. Shugaban iyaye na ta cewa shawararshi ce, na bar mai.

Hushin da nike yi da ke ya wuce. Amma ki sani, dangi duk sun ji, kuma har ki tsuhwa sunanki Lauya Duka. Hasana ta aiko maki da ƙuli da yaji. Na bar wuri a ƙasan takardar, wai akwai mai son ta yi maki magana.

Kakanki,
Namadi.

Yaya Lubabatu, ni ce Rufaida. Ina gaishe ki. Yau na koma aji. Malam ya sa sunana cikin masu jarrabawa, ya nuna mani na gani da idona. Kaka ya ce in rubuta maki da ajami, na ce a'a, da boko zan yi, kar ki sake kai wani kotu. Na daɗe ina rubuta wannan. Ba wanda ya ƙarasa mani.